Keken Hawan Dutse a Garin Ruwa

Duk wanda ya zauna a Duwala ya san cewa garin shimfiɗe yake a bakin kogin Wuri, ƙasarsa rairayi ce da fadama, kuma in ba ranar da sama ta yi garau ba, har ido ya iya hango Dutsen Kamaru can wajen Buea, mutum ba ya ganin wani abin da za a kira dutse. Amma duk da haka, in ka tsaya da hantsi a bakin Babbar Kasuwa ta New Bell, ko a kan manyan titunan Bonamoussadi, kana duban masu wucewa a kan keke, ɗan makaranta ne ko mai kai saƙo ko dattijon da likita ya umurta da motsa jiki, za ka tarar da yawansu suna bisa irin keken nan mai kaurin taya da tarin giya, wanda aka ƙera musamman don hawan dutse, wanda kuma masu jin Faransanci suke kira VTT. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa barin kwalta ya kutsa cikin lungunan unguwar Hausawa bayan an ɗauke ruwa, domin ramuka da taɓo da bakin kwata suna neman taya mai faɗi da gangar jiki mai ƙwari kamar yadda hanyar dutse take nema.

Asalin wannan keke daga Amurka yake, a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, inda a cikin shekarun 1970 waɗansu samari suka riƙa ɗaukar tsofaffin kekuna masu nauyi suna gangarowa da su daga kan tsaunin Tamalpais, har a 1976 suka fara wani tsere da suka kira Repack, saboda zafin gangara yakan ƙone giris ɗin da ke cikin birkin baya, sai an sake cusa wani bayan kowace saukowa. Daga cikinsu Joe Breeze ya ƙera gangar jiki ta musamman don wannan aiki, Gary Fisher da Tom Ritchey suka shiga sayarwa, kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper a 1981 wanda aka yi da yawa a masana'anta, sa'an nan a 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Na kawo wannan tarihi ne don mai karatu ya lura da abu guda, watau an haifi keken nan a ƙasa mai ƙura da busasshiyar iska, a hannun mutanen da suka saba kwance shi su ɗaure da kansu, alhali mu a nan ya iske mu a garin da ruwan samansa yakan haura milimita 3,500 a shekara, ninki uku da ɗoriya na abin da Kano take samu, ga iskar teku mai gishiri, ga laima da ba ta barin ƙarfe ya bushe ko da rani. Saboda haka a Duwala ruwa da rairayi da tsatsa su ne suke kashe keken dutse, kuma dukan abin da zan faɗa a gaba a kan wannan asasi aka gina shi.

Mu fara da saye, tun da yake nan ne ake yin asarar da gyara ba ya mayarwa. Kekunan da ke hannun mutane iri biyu ne galibi: akwai na gwanjo da ake saukewa daga kwantena a tashar jiragen ruwa, a baje su a shagunan tsofaffin kayan Turai da ake kira brocante, akwai kuma sababbi masu araha, masu ƙyalƙyalin fenti da shokazoba gaba da baya, waɗanda ke ɗaukar idon yaro da na mahaifinsa baki ɗaya. Ra'ayina a nan a fili yake, cewa tsohon keke mai asali wanda ba shi da shokazoba ta baya ya fi sabo mai araha alheri nesa ba kusa ba, gama shokazobar nan ta baya a kan keke mai rahusa ba ta da abin da ke tsare tsallenta, sai ƙarin nauyi da shanye ƙarfin mai tuƙi, ga mahaɗai masu yawa da za su fara girgiɗi tun damina ba ta kai rabi ba. Araha ba ta ado, in ji magabata, kuma a nan maganarsu ta tabbata.

Idan ka je sayen na gwanjo, ka fara da gangar jiki, domin kowane sashe ana iya musanya shi ban da ita. Ka duba wuraren walda, musamman a bayan wuyan keke da ƙarƙashin bututun da ya gangara zuwa feda da kewayen inda sirdi yake shiga, ka nemi tsaga ko kumburin fenti, domin fentin da ya yi tamoji a bayan wuya shaida ce cewa an taɓa yin karo da keken. Ka riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu: in ya kama, ƙarfe ne, yana tsatsa amma kowane mai walda yana iya ɗinke shi, in bai kama ba, galibi alminiyam ne, ba ya jan tsatsa kuma ya fi sauƙin nauyi, amma in ya tsage gyaransa yana da wuya ƙwarai kuma ba a cika amincewa da shi ba bayan haka. Sa'an nan ka kwance sirdi ka tabbata sandarsa tana motsi, gama sandar alminiyam da ta shekara cikin bututun ƙarfe ba giris takan manne har ta gagari guduma. Ka kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya don ka ji ko wuya yana ƙwanƙwasa, ka girgiza kowace ƙafa hagu da dama don ka ji lafiyar boris, ka juya ta ka ga ko tana rawa tsakanin robobin birki. Ga mai sayarwa kuwa, tunatarwa ce kawai, domin malaman fikihu sun yi bayani filla-filla a babin ciniki cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da ita in aibin ya bayyana. Wanda ya shafe tsagar gangar jiki da fenti ya sayar, ran mutum ya sa a hatsari, ba kuɗinsa kaɗai ba.

Bayan saye sai daidaitawa, wadda mutane da yawa suke yi wa riƙon sakainar kashi, su zauna a sirdi mai ƙasa ainun don ƙafafunsu su riƙa taɓa ƙasa, sa'an nan su yi ta kukan ciwon gwiwa in sun yi tafiya daga Bonamoussadi zuwa New Bell. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka hau, ka ɗora diddigenka a kan feda lokacin da take can ƙasa, in ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba, to, tsawon ya yi, domin in ka koma taka feda da tudun tafin ƙafa gwiwar za ta ɗan lanƙwasa yadda ake so. A jikin sandar sirdi akwai layi da aka zana wanda bai halatta ya fito waje ba, in kuwa sai ka wuce shi kafin tsawon ya ishe ka, keken ne ya yi maka kaɗan. Wani abu kuma da ya wajaba a bincika tun kafin a fita titi shi ne wane hannu ne yake kama birkin gaba, domin kekunan Faransa da Jamus da Beljiyam galibi hagu ne gaba, na Ingila kuwa dama ne, kuma kwantena ɗaya tana iya kawo duka biyun. Wanda ya matse na gaba da ƙarfi yana zaton na baya ne, a kan kwalta mai rairayi, faɗuwarsa ba ta da daɗi.

Yanzu sai mu zo ga sarƙa, wadda a kanta nake so in daɗe, domin ita ce ta fi kowane sashe shan wahala a garin nan, kuma ita ce in aka kula da ita take tsare wa mutum kuɗi masu yawa. Sarƙar keke an yi ta ne da ƙananan ƙusoshi, tsakanin kowace da ta kusa da ita rabin inci ne daidai, kuma haƙoran giya an yanka su ne bisa wannan awo. Idan mai ya haɗu da rairayin Duwala ya shiga cikin gaɓoɓin, sai ya zama kamar magagari, yana cin ƙusoshin a hankali, gaɓoɓin su yi sako-sako, sarƙar ta ƙara tsawo. Da zarar ta ƙara tsawo kuwa ba ta sake zama daidai cikin haƙora, sai ta hau kansu tana cinye su, har su koma masu tsini da ƙugiya, ranar da mutum zai miƙe ya taka da ƙarfi don ya tsere wa mota a shataletalen Deido sai ta zame. Gwajinta ba ya bukatar komai sai rula: ka aza farkon rula a tsakiyar ƙusa ɗaya, a sabuwar sarƙa alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar, in ƙusar ta wuce alamar da kamar milimita ɗaya da rabi, lokacin sauya sarƙa ya yi, in kuwa ta wuce da milimita 3, to, haƙoran baya ma sun riga sun tafi, sabuwar sarƙa ba za ta zauna a kansu ba sai an sauya su tare. Wanda yake sauya sarƙa a kan kari yana iya cinye biyu ko uku a kan haƙora ɗaya, kuma bambancin kuɗin ba ƙarami ba ne. A kuma sani cewa sarƙa ba duka ɗaya ba ce: keke mai haƙora 6 ko 7 ko 8 a baya sarƙa iri ɗaya suke sha, amma daga 9 zuwa 12 kowanne da tasa, tana ƙara sirancewa, tana ƙara tsada da wuyar samu, wanda shi ne dalilin da ya sa nake ganin keke mai haƙora 7 ko 8 ya fi dacewa da mai zirga-zirgar yau da kullum.

Game da sa mai, kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a karɓi baƙin man da aka juye daga injin babur a wurin makanike, a tuttula wa sarƙa har tana ɗiga. Wannan mai ya riga ya cika da garin ƙarfe da dauɗar inji, kuma yawansa a bayan sarƙa ba ya amfanar komai sai kiran rairayi. Abin da ya kamata shi ne a fara goge sarƙa da tsumma, in ta yi dauɗa sosai a wanke ta da ɗan kananzir da tsohon buroshin haƙori a bar ta ta bushe, sa'an nan a ɗiga mai mai tsabta, ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, na sarƙar keke irin na damina in ya samu, in bai samu ba sabon man inji ma yana yi. A juya feda baya na ɗan lokaci don ya ratsa ciki, daga nan a sake ɗaukar tsumma a share duk wanda ya rage a waje, domin aikin mai a cikin gaɓa yake. Man fesawa irin su WD-40 yana da amfani wajen korar ruwa da kwance ƙusar da ta cije, amma ba ya daɗewa a sarƙa, ruwa ɗaya yake wanke shi. A watannin Yuli da Agusta da Satumba, lokacin da sama takan yi kwanaki ba ta ɗauke ba, duk ranar da ruwa ya doki keke ya kamata a goge sarƙa a sa mata mai kafin a kwanta, in ba haka ba da safe za a tarar ta yi ja.

Wanki ma yana da nasa adabi. Kai keke wurin masu wankin mota su sa masa bututun nan mai ƙarfin feshi illa ce babba, domin ruwan yana kutsawa ta bakin robobin da ke tsare boris na ƙafafu da na tsakiyar feda da na wuya, ya kore giris ya zauna a madadinsa, bayan 'yan makonni a fara jin gurnani ba a san mafarinsa ba. Bokiti da soso da sabulun wanke kwano sun wadatar, a zuba ruwa daga sama a hankali, a tsane da tsumma.

Birki iri biyu ne za ka tarar. Na farko shi ne mai robobi biyu da ke matse gefen rim, wanda yake da sauƙin gyara da sauƙin kaya, sai dai a cikin ruwa yakan yi jinkirin kamawa, kuma rairayi yakan nutse cikin robar ya riƙa cin alminiyam ɗin rim, har gefensa ya yi kwarmi, wata rana iskar taya ta fasa shi. Don haka a riƙa cire robobin ana tsince tsakuwar da ta maƙale da bakin allura, ana kuma shafa gefen rim da yatsa don a ji ko ya fara zurmawa. Na biyu shi ne mai faifai a tsakiyar ƙafa, wanda ya fi kamawa cikin ruwa da taɓo nesa, amma yana da sharaɗi guda mai tsanani, watau kada mai ko giris ya taɓa faifan ko takalminsa, domin takalmin da ya sha mai ba ya komawa daidai, sai kuka da rashin kamu. In za a goge faifai a yi da sifirit da tsumma mai tsabta. Faifan kamfanin Shimano, wanda Shozaburo Shimano ya kafa a garin Sakai na Japan a 1921 kuma kayansa ne a kan akasarin kekunan da ke iso mu, an rubuta a jikinsa cewa in kaurinsa ya sauko zuwa milimita 1.5 a sauya shi. Mai faifan kuma ya kasu biyu, akwai mai aiki da waya, akwai mai aiki da ruwan birki, kuma a kan na biyun nan ne nake jan kunne ƙwarai: na Shimano man ma'adini na musamman yake sha, alhali da yawa daga na Avid da SRAM ruwan birki irin na mota suke sha, wanda ake kira DOT, kuma in aka zuba wa ɗaya abin ɗayan, robobin ciki suna kumbura su lalace, birkin ya mutu gaba ɗaya. A kan murfin hannun birki ake rubuta irin wanda yake sha, kuma wajibi ne mai keke ya karanta da idonsa kafin ya miƙa wa makaniken da ya saba da babur. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya, mai waya ya ishe shi, kowane mai gyaran keke a New Bell zai iya da shi.

Taya kuwa, abin lura shi ne lambar da ke jikinta. Girman ƙafa uku ne a keken dutse, inci 26 da 27.5 da 29, amma lambar da ba ta ruɗi ita ce ta milimita, wadda za ka gani kamar 54-559: ta farko faɗin taya ce, ta biyu girman rim, 559 na inci 26, 584 na 27.5, 622 na 29. Tayar tsohon Rale ko Phoenix irin na iyayenmu, wadda ake kira inci 28, tata lambar 635 ce, ba za ta zauna a kan rim na 622 ba ko da an yi ta fama. Tun da yake mafi yawan na gwanjo tsofaffi ne masu inci 26, tayarsu da tib ɗinsu sun fi sauƙin samu. Iyakar iskar da taya take ɗauka a gefenta aka rubuta, kuma ba a so a bar ta ta yi laushi har rim ya riƙa dukan bakin rami, domin nan ne tib yake samun huda biyu a jere. A wajen faci, a kankare wurin, a shafa sholisho kaɗan, a jira kamar minti 5 ya bushe kafin a manna, sa'an nan a bi cikin taya da yatsa a hankali a nemo ƙusar ko kwalbar da ta jawo abin. Wanda tafiyarsa duk a kan kwalta ce zai ji sauƙi ƙwarai in ya sauya tayar nan mai manyan ƙuraje da mai ɗan santsi, kuma ko wane iri ne ya sa madigadi gaba da baya, gama ruwan kwata da taya ke watsowa ba sarƙa kaɗai yake ɓatawa ba, har da tufafin da mutum zai shiga masallaci da su.

Giya in ta fara tsalle ko ƙara, sau da yawa waya ce ta saki ko ta yi tsatsa a cikin rigarta, kuma juya ɗan maɗaurin da ke bakin wayar rabin zagaye yakan gyara ta. Ƙananan sukurori biyu masu alamar H da L iyaka ce suke tsarewa don kada sarƙa ta faɗa cikin sifok ko ta fita waje, ba a taɓa su sai da sani. In keke ya faɗi ta ɓangaren dama, a duba ɗan ƙarfen da na'urar giya take rataye a jikinsa, domin shi aka yi don ya lanƙwashe a madadin gangar jiki, kuma in ya karkace ba wani juyi da zai daidaita giya sai an miƙe shi. Shokazoba ta gaba ba ta neman komai a kullum illa a goge sandunanta biyu masu sheƙi bayan kowace fita, domin tsatsa ko ƙarzuwa a kansu tana yaga robar da ke tsare mai. Kayan aikin da ke wadatar mai keke a gida kaɗan ne: makullan alan na milimita 4 da 5 da 6, sifana ta 15 don feda da notin ƙafa, famfo, da kayan faci, a tuna kuma cewa fedar hagu tiredinta a juye yake, ta hannun agogo ake kwance ta, kuma kiranki da yawa, watau hannun da ake ɗaura feda a jikinsa, sun lalace a hannun wanda bai san haka ba.

Saura maganar ambaliya, wadda mazauna New Bell da Makepe Missoke ba sa bukatar a yi musu bayaninta. Matuƙar ruwa ya kai tsakiyar ƙafa, abin da ya fi shi ne a sauka a saɓa keken a kafaɗa, domin nutsewar minti ɗaya ta isa ta shigar da ruwa cikin boris, ban da ramin kwata da ba a gani a ƙarƙashinsa. In kuwa larura ta sa an ratsa, to, da isa gida a zare sandar sirdi, a kifa keken a bar ruwan da ya shiga bututu ya tsiyaye, a bar shi a buɗe ya kwana a wuri mai iska a ƙarƙashin rufi, ba a lulluɓe da leda ba, domin leda tana riƙe laima. Da safe a shafa wa sandar giris a mayar, a sa wa sarƙa mai, sa'an nan a cikin makon a kai shi wurin mai gyara ya buɗe boris na ƙafafu biyu da na tsakiyar feda, ya wanke, ya cusa sabon giris.